Mun Zo Aikin Bishara a Chadi, Amma Zuciyata Tana Son Komawa Gida

Mama, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni matar mai bishara ce. Ikilisiyarmu a arewacin Najeriya ta aiko mu Chadi a watan Oktoban bara, muna zaune a wata unguwa a gefen Njamena da 'ya'yanmu biyu, mace mai shekara 7 da namiji mai shekara 3. Da yardata muka zo, ni ma na ji kiran, na durƙusa gaban jama'a aka ɗora mana hannu. Amma yanzu ƙarfina ya ƙare. Ba na jin Larabcinsu, ba na jin Faransanci. Maigidana yana fita tun safe da tafinta, sai dare. Ni ina cikin gida, ko kasuwa na je sai nuni da yatsa, kuma na san ana ƙwarata a farashi. Kuɗin da ake turo mana da naira ne, in an canza su zuwa sefa ba sa kai mu ashirin ga wata, ga masu zuwa neman taimako kullum don suna ganin ɗan mishan mai kuɗi ne. Ƙaramin ya yi zazzaɓin cizon sauro sau biyu, babbar kuma da kuka take tafiya makaranta domin ba ta gane komai. Zafin garin nan ba ya barinmu barci. Hukumar da ta aiko mu tana son rahoto kowane wata, har da yawan waɗanda suka tuba, abin yana cin maigidana a rai. In na yi magana sai ya ce ƙarancin bangaskiya ne, wanda ya sa hannu a garma ba ya waiwaye. Mahaifiyata tana kira kusan kullum, ta ce in kwaso yara in dawo. Na fara tunanin yin hakan, shi ya zauna. Amma ina jin kunyar ikilisiya, ina kuma tsoron kada ya zama na yi wa Allah tawaye. Me zan yi?

Matar mai bishara, daga Njamena

Ƙanwata, sannu da ɗawainiya, sannu da zafi. Ban ga tawaye a wasiƙarki ba. Na ga mace da aka raba da dangi da zumuntar mata da kasuwar da ta saba, aka ajiye ta inda ko gaisuwa ba ta iya mayarwa, ga yara biyu, ga kuɗi ba sa isa, ga barci babu. Ki kuma lura da lokacin da kika rubuto. Maris, Afrilu da Mayu su ne tsakiyar bazara a Njamena, rana takan haura digiri 40, da dare ma bango yana ta fitar da zafin da ya sha. Wanda ya koma baƙuwar ƙasa kuwa, ɗokin zuwa yakan ɗauke shi 'yan watanni, daga nan sai gajiyar rashin gane komai ta taru ta danne shi. Ke abubuwan biyu sun same ki a tare. Ki tuna da Iliya a 1 Sarakuna sura 19, lokacin da ya zauna a gindin itace ya ce ya isa, gara ya mutu. Mala'ika bai fara da tsawata masa ba. Ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sāke tashinsa ya ci, kafin a zo maganar aiki.

Zan faɗa miki ra'ayina tun yanzu. Kada ki kwashi yara ki tafi ki bar shi a wannan bazarar. Amma ba zan ce miki "ki yi haƙuri" kawai in rufe baki ba, domin yadda kuka tsara zamanku ba zai ɗore ba, ko da bangaskiyarki ta kai ta wane. Akwai abubuwan da suke gyaruwa a cikin maganarki, kuma sun fi yawa. Ku ba kanku daga yanzu zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin da damina ta ɗauke, ku gyara su, sannan ku zauna ku duba inda aka kwana.

Babbar matsalarki harshe ce, sauran duk a jikinta suke rataye. Kuskuren da aka yi tun farko shi ne an bar maigida ya shiga wa'azi da tafinta, ke kuma aka ɗauka za ki tsinci harshen a iska. Ba a tsintarsa daga cikin ɗaki. Ki fara da Larabcin Chadi, wanda muke kira Larabcin Shuwa, ba Faransanci ba. Shi ake yi a kasuwa da bakin famfo da gidan suna, Faransanci kuwa na ofis ne da makaranta da takardun asibiti, zai iya jira. Kuma Hausa ta riga ta biya miki wani kaso na kuɗin makarantar: ranakun mako, da ƙidaya daga ashirin, talatin, arba'in, hamsin, da kalmomi irin su lafiya, labari, sabulu, albasa, duk za ki ji 'yan'uwansu a bakin maƙwabtanki.

Ga yadda za ki yi. Ki roƙi matar faston ikilisiyar da ta karɓe ku ta samo miki mace mai haƙuri da son hira, wadda Larabci ne harshenta na yau da kullum. Ba sai malamar makaranta ba. Ku yanka mata ɗan abin hasafi na wata, a rubuta shi cikin kuɗin aiki, ba na cefane ba. Awa biyu kowace safiya, kwana biyar a mako, kafin rana ta ɗaga. Makonni uku ko huɗu na farko kada ki matsa wa kanki da magana, sauraro za ki yi. Ki tara kayan gida a tabarma, tukunya, ludayi, tsintsiya, gishiri, bokiti, ta riƙa kiran suna kina nunawa, ta ce ɗauki wannan, ajiye wancan, miƙo mini, kina aikatawa. Kalmomi goma zuwa goma sha biyar a rana sun isa. Minti biyar na ƙarshe ki ɗauki muryarta a wayarki tana maimaita abin da kuka yi, ki riƙa saurare kina wanke-wanke. Tambayoyi biyu za su buɗe miki ƙofofi da yawa: "da shunu?", wato mene ne wannan, da "be kam?", wato nawa ne. Da yamma kuma ki fita da abin da kika koya, ko da zuwa wajen mai gawayi ne. Abin da yake kashe wannan tsari abu biyu ne. Na farko, a samo miki Bahaushiyar Njamena, domin akwai Hausawa da dama a garin, sai awa biyun ta koma hirar gida. In mai jin Hausa kika samu, ku ƙulla cewa ba Hausa sai minti goma na ƙarshe. Na biyu, fashi. Kwana uku a mako da ba ya tsinkewa ya fi mako guda na himma da makonni biyu na shiru.

Batun ƙwara a kasuwa, wataƙila rabinsa ba ƙwara ba ce. A Larabcin Chadi da riyal ake ƙirga kuɗi, riyal ɗaya kuwa sefa biyar ce, daidai da yadda Hausawan Nijar suke ƙirga da dala. In mai tumatir ta ce "ishirin", sefa 100 take nufi. In ta ce "miya", wato ɗari, sefa 500 ce, "miten" kuma 1,000. Wanda bai san wannan ba kullum a ruɗe yake, ko ya ga kamar an ninka masa. Ki sa mai koya miki ta baza tsabar kuɗi da takardu a tabarma ku yi ta ciniki har hannunki ya saba, sannan ta raka ki kasuwa sau biyu ko uku ki ga nawa take sayen koro, wato mudunsu, na gero da na dawa. Daga nan ki zaɓi mace guda a kowane layi ki zama 'yar cinikinta. Wadda ta san za ki dawo jibi ba ta tsauwala miki.

Ina so ki gane wani abu da maigidanki ma bai gane ba tukuna. Koyon harshenki ba abin rage kaɗaici ba ne kawai, shi ne rabin aikin da aka aiko ku. Fiye da rabin mutanen Chadi Musulmi ne, kuma a gidajensu, kamar yadda kika sani a gida Najeriya, baƙon namiji iyakarsa zaure ko tabarmar ƙofar gida. Mata da yara da tsofaffi, ke kaɗai ce za ki iya shiga wurinsu. Shigar kuma ba da wa'azi take farawa ba. In an haihu a layinku ki je barka da sabulu, ki koma ranar suna. In an yi rasuwa ki rufe kanki da mayafi ko lafaya, ki je ki zauna cikin mata, ko ba ki iya cewa komai ba, zaman ake gani. In sun aiko miki da abincin salla ki karɓa da hannu biyu, kada kwanon ya koma ba komai, ranar Kirsimeti ke ma ki aika. Tuwonsu na gero da miyar kuɓewa ba baƙonki ba ne, zoɓonsu da suke kira karkanji ma haka. Ki zama maƙwabciyar kirki don su mutane ne da Allah ya haɗa ku zama, ba don kina ƙirga su ba, mutane suna gane bambancin. Kada kuma ku manta ba ku ne farkon Kirista a ƙasar ba. Bishara ta shiga kudancin Chadi tun shekarun 1920, akwai ikilisiyoyi masu ƙarfi da dattawan da suka san ƙasarsu. Ki shiga zumuntar matansu ko da ba kya gane waƙar. Su ne za su riƙe miki yaro ranar da kika kwanta ciwo.

Sai kuɗi. Ƙarancin da kike gani ba rashin iya tattalinki ba ne. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta zube, daga wajen 460 a dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024. Duk hukumar da take yanka wa ma'aikacinta na waje albashi da naira bisa tsohon lissafi, ta rage masa abinci ba tare da ta sani ba. Dattawan da suke zaune a gida suna jin adadin da naira, su ga ai da yawa ne. Kuka ba zai nuna musu ba, takarda ce za ta nuna. Ki sami littafi, ki rubuta kowace sefa da ta fita na kwana 30: hatsi, cefane, ruwa, gawayi ko gas, kuɗin makaranta, magani, kuɗin babur, katin waya, haya in an raba ta wata-wata, da abin da aka ba masu roƙo. A gefe ku rubuta nawa aka turo, nawa ya zama bayan canji, nawa ɗan canji ya ci. Da wannan maigida zai rubuta wa hukuma ya roƙi abu uku: a yanka kuɗinku da sefa, a riƙa duba shi duk wata uku ko shida, a kuma raba kuɗin aiki da na gida. Na ukun nan yana da muhimmanci, domin ina kyautata zaton kuɗin tafinta da na zirga-zirgar wa'azi daga tukunyarki suke fita.

Kafin amsa ta zo, ku raba abin da ya shigo kashi uku tun ranar da aka canza shi: na gida, na aiki, da na ajiya don ciwo ko tafiyar gaggawa, ko da kashi 5 cikin 100 ne. Ku tambayi 'yan canji biyu ko uku kafin ku sayar da naira, ku kuma tabbata sefar Afirka ta Tsakiya aka ba ku, domin ta Nijar da Benin darajarsu ɗaya amma takardunsu daban ne. Ku rage kayan gwangwani da na leda, ku koma gero, dawa, gyaɗa, kuɓewa da busasshen kifi. Hatsi yakan yi tsada daga Yuni zuwa Agusta, ya sauko bayan kaka, don haka in kuɗin Nuwamba ya zo ku sayi buhu ku ajiye a kan katako, nesa da bango. Masu zuwa neman taimako kuwa, kada ku rufe musu ƙofa, kada kuma ku bari su zama masu tsara muku wata. Ku ware adadi guda ku biyu, in ya ƙare ya ƙare. Ku fi bayar da mudun hatsi ko sayen maganin da likita ya rubuta a kan miƙa tsabar kuɗi, manyan buƙatu kuma ku mai da su wurin dattawan ikilisiyar garin, su suka san mai gaskiya. Bashi kada ku bayar, sai abin da za ku iya yafewa. In kina da sana'ar hannu, ɗinki ko cincin ko awara ko sabulu, Akila da Bilkisu na Littafi Mai Tsarki ma da ɗinkin tanti suka riƙe kansu. Ki tambayi hukuma ko dokarta ta yarda, ki tambayi faston garin ko takardar zamanku ta ba da dama, sannan ki fara kaɗan daga ƙofar gida. Ribar farko ba kuɗin ba ne, matan da za su riƙa tsayawa suna yi miki Larabci ne.

Zazzaɓin ƙaramin nan ya dame ni, domin damina tana tafe. Duk lokacin da jikinsa ya yi zafi, a kai shi gwajin jini na yatsa cikin awa 24, kada a fara magani da ka. In an tabbatar, maganin da aka fi bayarwa, irin su Coartem, sha shida ne cikin kwana uku, gwargwadon nauyin yaro, kuma da madara ko abinci mai maiƙo ake ba shi don ya shiga jiki. Wani abin da yake sa ciwon ya dawo shi ne a daina a kwana na biyu don jiki ya yi sanyi, ko yaro ya amayar nan take ba a sāke ba shi ba, ko a sayi maganin a tire a bakin titi inda rana ta gasa shi ko ma jabu ne. In ya fara jijjiga, ko yana amayar da komai, ko ya kasa sha, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, wannan na asibiti ne a daren, ba a jira safiya. Ki duba gidan sauronku da fitila ki ɗinke duk huda, ki cusa gefensa ƙarƙashin katifa. Ki kuma tambaya a asibitin unguwa game da maganin rigakafin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya kowane wata a damina, ɗanki yana cikin shekarun. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa bisa umarnin fakiti a jira rabin awa, a zuba a randa mai murfi da moɗa guda da ba ta taɓa ƙasa. In gudawa ta zo: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya a wannan bazarar kuwa, a tafi asibiti kai tsaye.

Barci kuma, ku fitar da shimfiɗa tsakar gida in akwai katanga, ku ɗaura gidan sauro a can. Ku yayyafa wa ƙasa ruwa da magariba, ku jiƙa zani ku rataya ta inda iska take shigowa. Fanka mai caji da ƙaramin faifan sola ba almubazzaranci ba ne, ku sa su cikin wasiƙar hukuma. Aiki mai nauyi a gama shi kafin goma na safe, daga azahar zuwa la'asar kowa ya kwanta.

'Yarki ba daƙiƙiya ba ce, an zaunar da ita ne awa biyar tana jin ƙara. Ku je wurin shugaban makarantar tare da wani mai jin Faransanci, ku roƙi a mai da ita ajin da ake fara koyon karatu, CP1 ko CP2, in za a koma a watan Oktoba. Shekara guda da za ta maimaita ta fi shekara uku tana bin aji a makance. A hutun nan ku samo ɗalibar sakandare daga ikilisiya ta riƙa yi mata Faransanci minti 45 da yamma, ku kuma bar ta ta yi wasa da yaran maƙwabta, a nan bakinta zai buɗe, ta ma riga ki. Ke kuma rabin awa kullum ku karanta Turanci tare don kada ya ɓace mata, Hausa ko yarenku kuma ya zauna a gida. Za a ba ku shawarar mai da ita makarantar kwana ko wurin kaka a Najeriya. A shekara 7, ban goyi baya ba.

Yanzu maigida. Maganar da yake faɗa miki ta yi tsauri, kuma ayar garma ba a kan matar da take neman a saurare ta aka faɗe ta ba. Amma ki dubi inda yake tsaye. Mutane sun yi baiko, wato sun tara gudummawa a ikilisiya, wasu daga kuɗin goro da gyaɗa, an raka ku tasha da waƙa, ga takardar rahoto kowane wata tana tambayarsa mutum nawa. Shi ma ba ya jin harshen, shi ma tafinta ne bakinsa da kunnensa, bai ma san ko abin da ya faɗa shi ake isarwa ba. Duk lokacin da kika yi kuka, abin da yake ji shi ne ya kawo iyalinsa wahala kuma ba shi da abin nunawa. Wa'azin da yake yi miki, rabinsa kansa yake yi wa. Don haka kada ki tare shi a bakin ƙofa da dare yana jiƙe da gumi. Ki ce masa kina da magana, ku sa lokaci, yara suna barci, kun ci abinci. Ki fara da abin da yake tsoron ji akasinsa: kin amsa kiran nan tare da shi, kina so ku daɗe a cikinsa, shi ya sa kike son a gyara. Sannan ki ajiye littafin lissafi a gabansa, ki roƙi abubuwa ƙayyadaddu. Ya zauna da ƙaramin awa biyu da safe kina darasi, shi ma ya sami nasa mai koya masa, ya rage fita da tafinta zuwa kwana biyu ko uku a mako. Rana guda a mako, Litinin ta fi dacewa da mai hidimar Lahadi, ba fita ba baƙi. A Markus 6:31 Yesu da kansa ya janye almajiransa su huta domin ko damar cin abinci ba su samu ba, 1 Timoti 5:8 kuma ba ta cire mai bishara daga kula da gidansa ba. Ba don ki kayar da shi a muhawara za ki kawo su ba, ku karanta tare. In kun yi zama biyu bai motsa ba, ki gaya masa a fili za ki nemi faston garin da matarsa, ko mai kula da ku daga hukuma, su zauna da ku. Ki faɗa masa kafin ki je, kada ya ji a bakin wani.

Rahoton ma yana gyaruwa. Hukumomin mishan da suka daɗe a aikin ƙetare sukan ware shekarar farko, wasu har ta biyu, don koyon harshe da al'ada. Maigida ya roƙi taku ta amince da haka a rubuce, rahotonsa ya koma awa nawa kuka yi a darasi, gida nawa kuka shiga gaisuwa, wace hidima kuka taya ikilisiyar garin, me kuke so a yi addu'a a kai. Neman adadin tubabbu daga wanda bai iya gaisuwa ba yana jawo ɗayan biyu: ko ya karaya, ko ya fara ƙirga waɗanda suka zo don hatsi. Kuma ko da wasa kada ku sa suna ko hoton wani mai neman sanin bangaskiya a Facebook ko a zauren WhatsApp na ikilisiya. Saƙo yana yawo, shi ne zai kwana da abin da ya biyo baya a gidansu, ba ku ba.

Mahaifiyarki kuwa, tsoron uwa ne, kuma abin da kike gaya mata da dare shi take kwana da shi. Ki sa mata rana biyu a mako, ki gaya mata gaskiya, har da abin da ya gyaru, ki sa jikokinta su gaishe ta da sabuwar kalmar da suka koya. Ki ba ta aiki: addu'a a kan abu guda takamaimai, da aiko daddawa da kuka in an sami mai zuwa. Ki faɗa mata watan da za ku zo hutu, in hukuma ba ta sa ba ku nemi a sa.

Ku duba takardunku cikin makon nan: fasfo na kowa da ranar ƙarewarsa, katin zama, takardar gayyatar ikilisiyar da ta karɓe ku, katin rigakafin ciwon shawara. Ku yi kwafi, ku ɗauki hotonsu a waya, ku sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Njamena cewa kuna ƙasar. A watan Fabrairun 2008 faɗa ya shiga har tsakiyar birnin, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Kusiri a Kamaru, don haka jaka guda mai takardu da magani da kuɗin mota ta zauna a shirye. Hanyar Kusiri zuwa Gamboru da Maiduguri kuma ba wadda za ki bi ke kaɗai da yara biyu ba ce don ranki ya ɓaci.

Akwai abin da ba zai jira Oktoba ba. In kin yi mako biyu ko fiye ba kya iya cin abinci, ba kya jin daɗin komai, kina kuka ba dalili, ko tunanin mutuwa ko cutar da kanki yana zuwa miki, ki gaya wa maigida da matar fasto a ranar, a kai ki wurin likita. Ciwo ne mai magani, kamar zazzaɓi. Haka in likita ya ce lafiyar yaro tana bukatar a koma, ko in magana a gida ta kai ga duka ko tsoratarwa. A irin wannan, tafiyarki da yara na ɗan lokaci daidai ce, da sanin hukuma da ranar dawowa ko ranar da shi zai biyo ku.

In kuwa Oktoba ta zo kun yi iyakar ƙoƙarinku, hukuma ta ƙi duba kuɗin, ko jikinki ya ƙi ƙasar, hanyoyi ba su ƙare ba. Kuna iya neman hutun wata biyu ko uku ku duka, ko a mai da ku wani gari kusa da wasu ma'aikata, ko filin da ake jin Hausa, ko ku dawo gida ku ci gaba da hidima. Abafaroditas, wanda ikilisiyar Filibi ta aika ya taimaki Bulus, ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, kewar gida ta kama shi, Bulus ya mai da shi, ya kuma rubuta a Filibiyawa sura 2 cewa a karɓe shi da murna, a girmama irinsa. Duk wadda za ku zaɓa, ku zaɓe ta ku biyu, ku rubuta wa hukuma wasiƙa guda da hannu biyu a ƙasanta, wata biyu kafin ranar, don ta sami lokacin shirya wanda zai karɓi aikin. Gobe da safe ki fara da littafin lissafi da zuwa gidan matar fasto. Ina yi muku addu'a, ke da maigida da yaran.